Harshen Japan da ƴaƴanmu masu neman halali a can

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ƴan Adam, ya bambanta harsunansu da launin jikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Kakanninmu sun san hanyar Gwanja da ta Kumasi, iyayenmu sun san ta Abijan da Tarabulus da Makka, na bayansu kuma suka kai Faransa da Beljiyam. Yanzu ga shi an fara jin sunan Japan a bakin samarinmu. Wani tallafin karatu ne ya kai shi, wani cinikin motoci da kayan gyaransu, wani kuma aure. Ba su kai yawan waɗanda ke Turai ba, amma kowane ɗayansu yana da uwa da uba da ke kwana da tunaninsa. Saboda su muka ga ya dace mu tsaya a kan wata magana da ake yawan mantawa da ita lokacin da ake haɗa kayan tafiya, wato maganar harshe. Abin da muke so mu tabbatar wa iyalai shi ne, ga Musulmin da zai zauna a Japan ya yi aiki, tsarkin abincinsa da sallarsa da haƙƙinsa na aiki da tarbiyyar ƴaƴansa, har ma da yadda za a yi masa sutura in ta Allah ta kasance, duk suna rataye da iya Japananci.

Abin da ya buɗe ƙofar

Japan ƙasa ce da tsofaffi suka yi yawa, haihuwa ta yi ƙaranci. Yawan mutanenta ya kai ƙoli wajen miliyan 128 a shekarar 2008, daga nan ya kama raguwa, kuma waɗanda suka kai shekara 65 zuwa sama sun kusa kashi 30 cikin ɗari. Gonaki da masana'antu da wuraren gini da gidajen kula da tsofaffi duk suna neman hannu. Shi ya sa baƙin da ke zaune a ƙasar suka haura miliyan 3 a shekarar 2022, mafi yawansu daga ƙasashen Asiya.

A watan Afrilu na 2019 gwamnati ta buɗe wata takardar izinin aiki mai suna Tokutei Gino domin masu sana'a, kuma cikin sharuɗɗanta akwai cin jarrabawar harshe. Akwai kuma tsohon tsarin koyon sana'a na 1993, wanda aka daɗe ana kuka da shi domin yana ɗaure ma'aikaci ga mai gida ɗaya. A 2024 majalisa ta yi dokar maye gurbinsa da sabon tsari, shi ma ya haɗa ci gaban ma'aikaci da matakin harshensa. Ta fuskar karatu, akwai tallafin ma'aikatar ilimi ta Japan, da shirin ABE da aka sanar a taron TICAD na Yokohama a 2013 domin matasan Afirka. Kowace ƙofa mutum ya bi, harshen yana jiransa a bayanta.

A nan ne ɗanmu da ya yi karatu da Faransanci yake gamuwa da abin mamaki. A Faransa ko Beljiyam yana sauka da harshensa a baki. A Japan kuwa Faransanci ba ya saya masa ko tikitin jirgin ƙasa. Ingilishi ma, ko da yake ana ganinsa a allunan tashoshin manyan birane, ba shi ne harshen wurin aiki da asibitin unguwa da ma'aikatar magajin gari ba. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. A Japan sai a ƙara da kurumta da bebantaka, in bai koyi harshen ba.

Inda Bahaushe ya fi Bature sa'a

Kada wannan ya karya gwiwar kowa. Ta fuskar furuci, kunnen Bahaushe a shirye yake. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, daidai da namu, kuma suna da gajeru da dogaye kamar yadda muke bambanta gari na zama da gari na tuwo. Obasan gwaggo ce ko inna, amma in aka ja wasalin aka ce obaasan, an koma kaka. Suna ninka baƙi kamar mu: kite na nufin zo, kitte kuwa kan sarki ne na wasiƙa. Suna da hawa da saukar murya, ta yadda hashi kan zama gada ko tsinken cin abinci gwargwadon inda aka ɗaga ta. Waɗannan abubuwa uku su ne ke wahalar da Bafaranshe shekara da shekaru, mu kuwa da su muka tashi. Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, abin da ba zai zama baƙo ga wanda ya ji Barbarci ba. Babu namiji da mace a sunayen abubuwa, babu kuma tarin jam'i irin na Hausa.

Wahalar tana wajen rubutu, kuma gara a faɗa wa mai tafiya gaskiya. Rubutu iri uku ake haɗawa a layi ɗaya. Akwai hiragana mai alamomi 46 na asali, kowace alama gaɓa ɗaya. Akwai katakana, ita ma 46, wadda ake rubuta kalmomin aro da sunayen baƙi da ita. Mai himma yana iya riƙe su duka biyu cikin ƴan makonni. Sai kanji, alamomin da aka aro daga Sin, kowace da ma'anarta. Jerin da gwamnati ta tsayar a 2010 domin amfanin yau da kullum yana da 2,136, kuma yaron Japan yana koyon 1,026 cikin shekara shida na makarantar firamare. Alama ɗaya takan karantu ta hanya biyu ko fiye: a kalmar 日曜日, wato Lahadi, alamar farko da ta ƙarshe ɗaya ce, amma ana karanta ta farko nichi, ta ƙarshe bi. Wanda ya yi zaman makarantar allo ya san maganin irin wannan: a rubuta, a wanke, a sake rubutawa, kullum kaɗan, ba a fashi.

Ladabin magana

Mutanen Japan suna auna mutum da yadda yake sanya kowa a matsayinsa cikin magana. Suna da abin da suke kira keigo, wato harshen girmamawa: akwai kalmomin ɗaukaka wanda ake magana da shi, akwai na ƙasƙantar da kai, akwai na ladabi na gama-gari. Mu da muke ce wa babba ku, muke cewa ranka ya daɗe, muke kauce wa kiran sunan ɗan fari, ba za mu ga baƙon abu a nan ba. A wurin aiki suna gaisawa da otsukaresama desu, wanda kusan shi ne sannu da aiki. Sumimasen kuma tana aikin gafara dai da yi haƙuri da na gode a lokaci guda.

Suna da kunya da kara irin namu. Mutumin Japan ba ya son ya ce a'a ƙiri-ƙiri. Sai ya ce chotto, wato ɗan kaɗan, ya ja murya ya yi shiru, ko ya ce zai yi tunani, alhali ya riga ya ƙi. Haka kuma hai ɗinsu sau da yawa ina jinka take nufi, ba na yarda ba. Ma'aikacin da bai gane wannan ba yakan tafi gida da murnar an ba shi abin da aka hana shi, washegari a ɗauke shi marar kunya.

Abin da ke shiga ciki

Mu zo kan abin da ya fi damun gidan Musulmi. Naman alade yana cikin abincin yau da kullum a Japan, kuma ba kullum ake ganinsa da ido ba. Romon taliyar da suke kira ramen sau da yawa daga ƙashin alade ake dafa shi. Akan sa kitse ko ruwan naman alade a biskit da miyar gwangwani da kayan ɗanɗano, akan kuma dafa abinci da sake, giyar shinkafa, ko mirin, wani ruwa mai zaƙi da ke da giya a ciki. Jerin abin da aka haɗa yana nan a bayan kowane ƙunshi, amma da Japananci. Saboda haka alamomin farko da ya kamata ɗanmu ya haddace, tun kafin na sunan unguwarsa, su ne 豚 alade, da 酒 giya, da ラード kitsen alade, da みりん mirin, da ゼラチン gelatin, wanda sai an bincika asalinsa. Abin da ya shige masa duhu ya kai wa malamai. Shagunan halal sun ƙaru a Tokiyo da Osaka da Kobe, amma wanda aiki ya kai ƙauye, idonsa da karatunsa su ne shagonsa.

Haka sha'anin salla. Juma'a ranar aiki ce a Japan, kuma Azahar da La'asar suna faɗawa cikin lokacin aiki. Mafi yawan shugabannin aiki ba su taɓa zama da Musulmi ba. Wanda zai iya tsayawa cikin ladabi ya bayyana cewa oinori, wato salla, ba ta wuce ƴan mintuna, ya roƙi wani lungu mai tsabta, ya nuna zai rama lokacin, ya fi kusa da samun biyan bukata bisa ga wanda ke sulalewa a ɓoye har a zarge shi da gudun aiki. Akwai kuma al'adar nomikai, zaman shaye-shaye na abokan aiki bayan an tashi. Jimla ɗaya, osake wa nomimasen, ba na shan giya, tare da bayanin cewa dalilin addini ne, tana raba mutum da zargin girman kai. In Ramadan ya zo, kalmar danjiki, wato azumi, ita za ta fahimtar da su dalilin da ya sa ba ya zama cin abincin rana.

Takardu, asibiti da girgizar ƙasa

Baƙon da ya samu masauki wajibi ne ya kai adireshinsa ma'aikatar magajin gari cikin kwana 14. Daga nan takardu za su fara shigowa akwatinsa: na haraji, na inshorar lafiya, na fansho, na ranakun zubar da shara iri-iri. Inshorar lafiya tana ɗauke kashi 70 cikin ɗari na kuɗin magani, majiyyaci ya biya 30, amma wanda ya tara takardun biya bai karanta ba yana iya gamuwa da matsala ranar sabunta takardar zamansa. Yarjejeniyar aiki ma da Japananci take. Wanda ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba ya miƙa wuyansa ga tafinta, kuma ba kowane tafinta ne ke tsoron Allah ba. Ɗalibi kuma ya sani izinin aikinsa sa'o'i 28 ne a mako lokacin karatu. Ƙetare su yana iya jawo masa rasa takardarsa.

Japan ƙasar girgiza ce. Ranar 17 ga Janairu 1995 girgizar ƙasa ta afka wa Kobe da kewayenta, mutane fiye da 6,400 suka rasu. Baƙi da dama sun kasa gane sanarwar inda za a fake da inda ake raba ruwa, domin da kalmomi masu nauyi aka yi ta. Daga wannan darasi aka ƙirƙiro yasashii nihongo, wato sassauƙan Japananci mai gajerun jimloli, wanda hukumomi da gidan rediyo da talabijin na NHK ke amfani da shi domin baƙi. Lokacin girgizar yankin Noto ranar 1 ga Janairu 2024, an sa kalmar nigete, wato ku gudu, da hiragana a fuskar talabijin. Mu lura da kyau: sun sauƙaƙa harshen, amma da harshen nasu dai suka yi gargaɗin. Lambar motar asibiti da ta kashe gobara 119 ce, ta ƴan sanda 110, kuma za a tambayi mai kira inda yake.

Ƴaƴa da makwanci

Wanda ya kai iyalinsa yana da wani nauyi na daban. Yaro yana shiga makaranta a watan Afrilu, kafin shekara ta zagayo ya fi uwa da uba Japananci. Makarantun firamare suna ba da abincin rana na bai ɗaya mai suna kyushoku, kuma ana aiko wa iyaye jerin abincin wata. Uwar da ta iya karanta jerin, ta iya zama da malamin aji, ita ce za ta iya neman a bar ɗanta ya zo da abincin gida. In iyaye suka zauna ba harshe, sai yaro ya zama tafintansu a asibiti da ma'aikata, girma ya juye, kuma ranar da ya zo da tambaya a kan Allah da Annabi cikin harshen da yake tunani da shi, ba mai ba shi amsa. Saboda haka muna jan hankalin maza kada su bar matansu a ɗaki ba karatu. A riƙe Hausa da karatun Alƙur'ani a cikin gida, a kuma koyi harshen waje tare.

Sai maganar da ba a son yi, amma ba makawa. Fiye da kashi 99 cikin ɗari na mamata a Japan ƙona su ake yi. Makabartun da ke karɓar Musulmi ƙalilan ne. Cikin sanannunsu akwai ta Enzan a lardin Yamanashi. Doka ta hana binnewa kafin sa'o'i 24 su cika, kuma sai an kai sanarwar rasuwa ma'aikatar magajin gari an karɓo izini. A irin wannan rana ana bukatar wanda zai yi magana da asibiti da hukuma nan take ya ce wannan Musulmi ne, ba a ƙona shi. Kowane ɗanmu ya san masallacin da ya fi kusa da shi, ya kuma sanar da abokan aikinsa wasiyyarsa tun yana da lafiya.

Waɗanda suka riga mu

Musulunci yana da tarihi a can. Masallacin Kobe, wanda aka buɗe a 1935, ya tsira daga ruwan bama-bamai na 1945 da girgizar 1995. Na Tokiyo an buɗe shi a 1938, aka sake gina shi da salon Turkiyya a 2000. A 1972 aka buga fassarar ma'anonin Alƙur'ani da Alhaji Umar Mita, Musulmi ɗan Japan, ya yi. Farfesa Hirofumi Tanada na Jami'ar Waseda ya ƙiyasta Musulmin ƙasar wajen 230,000 a 2020, masallatai kuma sun haura 100.

Daga yankinmu akwai Oussouby Sacko, haifaffen Bamako a 1966. Ya yi karatu a Sin, ya isa Japan a 1991, ya yi digirin dakta a Jami'ar Kiyoto, ya kuma shugabanci Jami'ar Kiyoto Seika daga 2018 zuwa 2022, ɗan Afirka na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a ƙasar. Da Japananci yake koyarwa, da shi yake rubuta littattafai. Ba kowa ne zai zama shugaban jami'a ba, amma labarinsa ya isa ya rufe bakin mai cewa harshen ya fi ƙarfin ɗan Sahel.

Addininmu ma bai bar mu ba hujja ba. Aya ta 22 ta Suratur Rum ta lissafa bambancin harsuna cikin ayoyin Allah, aya ta 4 ta Suratu Ibrahim kuma ta nuna kowane manzo da harshen mutanensa aka aiko shi. Ya zo a littattafan hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin wasiƙu, ya kuwa koya cikin kusan rabin wata. Mafi yawan mutanen Japan ba su san Musulunci ba sai ta labaran talabijin. Maƙwabci mai gaskiya da ke iya gaishe su da harshensu ya fi musu kowane littafi.

Yadda za a kama hanyar

Mai niyyar tafiya ya fara tun yana gida. Ya riƙe hiragana da katakana kafin ya hau jirgi. Littafin Minna no Nihongo yana da juzu'in bayanin nahawu da Faransanci, NHK tana da darussa da Faransanci masu suna Le japonais en douceur, kuma Gidauniyar Japan ta fitar da littafin Irodori kyauta a intanet a 2020 musamman domin masu zuwa aiki. In ya isa, ya tambayi ma'aikatar magajin gari azuzuwan masu aikin sa-kai, waɗanda ake yi da yamma ko ƙarshen mako, kyauta ko da kuɗi kaɗan.

Ya sa wa kansa jarrabawa a gaba. JLPT, wadda aka fara a 1984, tana da matakai biyar tun 2010, daga N5 mafi sauƙi zuwa N1, kuma a Japan ana yin ta a Yuli da Disamba. N4 ita ce ke buɗe takardar Tokutei Gino, kamfanoni da yawa kuma N2 suke nema ga aikin ofis. Sai dai jarrabawar karatu da sauraro take aunawa, ba ta auna magana, don haka bakin ba zai buɗe ba sai an yi magana da mutane, an yi kuskure an sha dariya. Babban tarko shi ne zama cikin ƴan uwa kaɗai, daga aiki sai ɗaki sai wayar gida, har shekara biyar ta wuce mutum bai wuce gaisuwa ba. Zumunci wajibi ne, amma da ɗan gari akan ci gari.

Mu kuma iyaye da ke gida muna da namu rabo. In ɗanku ya kira, bayan kun tambaye shi salla da lafiya, ku tambaye shi inda ya kai a karatun harshe. Kada mu matsa masa da bukatun kuɗi har ya sayar da sa'o'in karatunsa ga aikin dare, domin haƙurin shekara ɗaya ko biyu shi ne zai ɗaga albashinsa ya kare masa haƙƙinsa. Mu yi hattara da dillalan da ke cewa ba a bukatar harshe, a biya kawai a tafi. Wanda kuma za a aurar wa mazaunin can, a sa koyon harshe cikin abin da za a yi magana a kai tun kafin a ɗaura.

Muna roƙon Allah ya tsare ƴaƴanmu a duk inda suke, ya buɗe musu ƙirji da harshe, ya ciyar da su halal, ya sa su zama fitila ga waɗanda suke zaune da su, ya kuma dawo mana da su lafiya.